Noma da Sarauta: Abin da Sababbin Littattafai Uku Su Ke Faɗi

'Yan'uwana malaman gobe, akwai wani labari wanda kusan kowannenmu ya haddace tun yana firamare, in kuwa ba mu lura ba shi za mu je mu biya wa yaranmu. Wai da fari mutane mafarauta ne, suna yawo cikin jeji da yunwa. Sa'an nan suka gano noma, suka zauna wuri ɗaya, abinci ya yi yawa. Da abinci ya yi yawa sai aka gina birane, da aka gina birane sai aka naɗa sarakuna, daga nan rubutu da shari'a da sauran ci gaba suka biyo baya. Labarin kamar tsani ya ke, kowace al'umma tana kan nata mataki, waɗansu sama, waɗansu ƙasa.

Cikin shekarun nan an buga littattafai da dama masu jayayya da wannan labari. Na zaɓi uku daga cikinsu, dukansu da Turanci, ina so in bayyana abin da kowane mawallafi ya ke faɗi, da shaidar da ya dogara a kai, da inda na ga maganarsa ta yi rauni. Dalilina kuwa shi ne, a aji ɗaya za mu tarar da yaron da kakanninsa suka zauna ƙarƙashin babban sarki, ga kuma wanda kakanninsa suka zauna bisa duwatsu, ba su da mai mulki sai dattawan gari. Idan muka koya musu labarin tsanin nan, mun gaya wa na biyun ke nan mutanensa sun makara a hanya. Ya kamata mu tabbata ko haka ne tun ba mu buɗe baki ba.

Tsawon zamani

Mu kan yi wa noma kirari mu ce na duƙe tsohon ciniki. Lalle tsoho ne, amma farauta da tsintar 'ya'yan itace sun girme shi nesa ba kusa ba. Masana suna lissafin irin mutanen da mu ke sun kai shekara wajen 300,000 a duniya, noma kuwa bai wuce shekara 12,000 ba. Don yara su gane wannan, sai malami ya sami igiya mai tsawon ƙafa 100 ya shimfiɗa a filin makaranta, ya ce ita ce dukan zamanin ɗan Adam. Ƙafa 4 na ƙarshe kaɗai ne zamanin noma. Sarakuna da rubutu kuwa ba su cika ƙafa 2 ba. Duk gardamar littattafan nan a kan wannan ɗan guntun igiya ta ke.

Littafi na fari: noma tarko ne

Na fari sunansa Sapiens, watau sunan da masana su ke kiran jinsinmu da shi. Yuval Noah Harari ya rubuta shi, malamin tarihi ne a jami'ar birnin Ƙudus. Ya fito da Ibraniyanci a 2011, aka juya shi zuwa Turanci a 2014, ya bazu ko'ina a duniya.

Ra'ayin Harari shi ne, noma bai sauƙaƙa wa mutum rai ba. A ganinsa mafarauci yana cin abinci iri iri, yau nama, gobe kifi, jibi 'ya'yan itace, in wani ya ƙi sai ya koma ga wani. Manomi kuwa ya rataya ransa ga tsiro ɗaya ko biyu, ranar da fari ko fara suka zo sai yunwa. Har ya kan juya maganar ya ce alkama ce ta hore mutum, tun da shi ne ya duƙa yana kwashe mata duwatsu, yana cire mata ciyawa, yana ɗebo mata ruwa da taki, ita kuwa ta tashi daga ciyawar jeji ta cika duniya. Me ya hana mutane komawa? Ya ce da aka zauna wuri ɗaya aka sami kunun hatsi, sai aka riƙa yaye yara da wuri, haihuwa ta ƙaru, bakuna suka yi yawa har jeji ba zai iya ciyad da su ba. Ƙofar komawa ta rufe ba wanda ya lura.

Yana da shaida. Ƙasusuwan manoman farko da aka tono a wurare da yawa sun nuna sun fi mafarautan da suka riga su gajarta, haƙoransu kuma sun fi ruɓewa. Amma akwai abin lura. Masu wannan ra'ayi su kan kafa hujja da binciken da Richard Lee ya yi a Botswana cikin shekarun 1960, inda ya ga mafarautan hamadar Kalahari ba su wuce kwana biyu da rabi a mako wajen neman abinci. Shi Lee ɗin da kansa, da ya haɗa da gyaran kayan aiki da fasa ƙwara da girki, sai ya ga aikin ya kai awa 40 ko fiye. Ban da haka, mafarautan zamaninmu ba su ne mutanen shekara 12,000 da suka wuce ba, suna da nasu tarihi kamar kowa. Harari ya iya ba da labari ƙwarai, sai dai ya kan ɗauki abin da ya faru a wuri ɗaya ya shimfiɗa shi bisa duniya duka.

Littafi na biyu: hatsi abincin haraji

Na biyu shi ne Against the Grain, na James C. Scott, wanda ya fito a 2017. Scott shehun malami ne na ilmin mulki a jami'ar Yale ta Amurka, yana kuma kiwon tumaki a gonarsa. Ya rasu a 2024. Shi bai ɗauko duniya duka ba, ya tsaya ne ga kudancin ƙasar Iraƙi ta yau, tsakanin kogin Dijla da na Furatu, inda aka kafa waɗansu daga cikin mulkokin farko.

Abu na fari da ya nuna shi ne, tsakanin lokacin da mutane suka fara shuka da kiwo da lokacin da mulki ya kafu a birni kamar Uruk, kimanin shekara ta 3200 kafin haihuwar Almasihu, akwai shekara wajen 4,000. Ashe noma bai haifi sarauta nan da nan ba. Mutanen wurin sun daɗe suna zaune bakin fadamu, suna haɗa su da kamun tsuntsu da ɗan noma, ba mai karɓar kome a hannunsu.

Abu na biyu shi ne ya fi ba ni sha'awa. Ya yi tambaya, don me mulkokin farko duk bisa hatsi suka tsaya, alkama da sha'ir da shinkafa da gero da masara? Amsarsa ita ce, hatsi ya dace da mai karɓar haraji. A sarari ya ke tsirowa, kowa na ganinsa. Lokaci ɗaya ya ke nuna, don haka an san ranar zuwa. Ana aunawa, ana rabawa, ana ɗauka a kai nesa, ana ajiyewa a rumbu shekara da shekaru. Rogo kuwa a ƙarƙashin ƙasa ya ke, mai shi na iya barinsa can fiye da shekara, wanda ya ke son ƙwacewa sai ya tona saiwa ɗaya ɗaya, in ya tona kuma ga nauyi ga saurin lalacewa. Scott ya ƙara da cewa rubutun farko da aka samu a Uruk, bisa allunan yumɓu, yawancinsa lissafi ne na sha'ir da dabbobi da ma'aikata da rabon abincinsu. Har ganuwa ma, in ji shi, aikinta biyu ne, ta tare maƙiyi a waje, ta tsare mai biyan haraji a ciki.

A nan sai mai karatu ya kula kada ya ɗora wa malamin abin da bai faɗa ba. Cewa ya yi mulkin farko bai yiwu sai da hatsi. Bai ce duk inda aka shuka hatsi sai an yi sarki ba. Duk kaza tsuntsuwa ce, amma ba kowane tsuntsu ne kaza ba.

Littafi na uku: hanya ba ɗaya ba ce

Na uku ya fi sauran kauri, sunansa The Dawn of Everything, watau wayewar garin kome da kome. Mutum biyu suka haɗu suka rubuta shi cikin shekara goma, David Graeber masanin al'adun mutane, da David Wengrow masanin tonon kufai, dukansu suna koyarwa a Landan sa'ad da suka gama shi. Graeber ya rasu a 2020, littafin ya fito a 2021.

Su waɗannan sun ƙi labarin tsani, sun kuma ƙi na tarko. A ganinsu duka biyun sun mai da mutanen dā kamar tumaki, ana kora su inda ba su zaɓa ba. Su kuwa cewa su ke yi mutanen dā masu wayo ne kamarmu, suna shawara, suna gwada wannan tsari su bar shi su gwada wancan. Ga kaɗan daga cikin misalansu.

A Gobekli Tepe, cikin ƙasar Turkiyya, an tono ginshiƙan dutse waɗanda aka sassaƙa da siffofin dabbobi, waɗansu sun kai ƙafa 18, an kuwa fara kafa su tun wajen shekara ta 9500 kafin haihuwar Almasihu. Waɗanda suka yi wannan babban aiki ba su riga sun mallaki hatsin gida ko dabbar gida ba. A Catalhoyuk, can Turkiyya kuma, manoma sun zauna fiye da shekara 1,000 cikin gidaje manne da juna, ta rufi a ke shiga, ba a ga fada ba, ba a ga gidan da ya fi sauran ƙwarai ba. A ƙasar Yukiren an sami kufan manyan garuruwa na wajen shekara 6,000 da suka wuce, ɗaya daga ciki, Taljanki, ya fi eka 700, gidaje a jere zobe zobe, tsakiya kuwa fili ne. A Teotihuacan ta ƙasar Meziko, birnin da ya kai mutum 100,000, an fara da gina manyan dala, amma daga wajen shekara ta 300 bayan haihuwar Almasihu sai ƙarfin gini ya koma ga gidaje masu kyau waɗanda yawancin mutanen birnin suka zauna a ciki.

Sun kuma kawo labarin waɗansu kabilun Amurka, kamar Cheyenne, waɗanda su kan naɗa dogarai masu ikon hukunci a lokacin farautar ɓauna, da an gama farauta sai ikon ya ƙare, kowa ya koma ga danginsa. Manufarsu ita ce, mutane sun san sarauta sarai, waɗansu da gangan suka hana ta zama dindindin.

Littafin ya sha suka. Kwame Anthony Appiah, masanin falsafa wanda ya tashi a Kumasi, ya rubuta a 2021 cewa mawallafan su kan fara da "mai yiwuwa ne", can gaba sai ka ga sun mai da abin tabbas. Ni ma na ga haka. Rashin ganin fada a kufai bai tabbatad da rashin mai mulki ba, don gini na itace da ciyawa ba ya barin alama, mai iko kuma yana iya kwana a ɗaki irin na kowa. Duk da haka sun karya abu ɗaya wanda ba zai gyaru ba, watau cewa taro mai yawa ba ya zama sai da sarki a kansa tun ran farko.

Ina su ke samun shaida?

Yaro mai kaifin hankali zai tambaya, "Malam, wa ya ke wurin har ya gani?" Tambaya ce mai kyau, ga kuwa amsa iri uku.

Ta fari ita ce awon shekaru. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da a ke kira kabon 14. Da ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa, rabi cikin kowace shekara 5,730. In an auna abin da ya saura a ƙwayar hatsi da ta ƙone, ko a ƙashi, sai a san zamaninsa. Willard Libby na Amurka ya fito da wannan dabara cikin shekarun 1940, ya sami kyautar Nobel a kanta a 1960.

Ta biyu ita ce siffar hatsin. Zangarniyar hatsin jeji da ta nuna sai ta kakkaɓe 'ya'yanta ƙasa, ta gida kuwa tana riƙe da su har mai girbi ya zo. Ana ganin wannan bambanci a ƙaiƙayin da aka tono. Gwaji ya nuna alkamar jeji na iya rikiɗa ta zama ta gida cikin shekara 200 ko ƙasa da haka, amma a kufai an ga abin ya ɗauki shekara wajen 3,000. Graeber da Wengrow suka ce wannan alama ce mutane suna taɓa noma suna sakewa, ba su faɗa ciki gaba ɗaya ba. Ta uku kuwa ita ce ƙasusuwa da haƙora, waɗanda na riga na ambata.

Ku lura, shekara 3,000 abu ne da aka auna. Cewa da gangan mutane suka yi jinkiri, wannan fassara ce ta mawallafi. Na fari shaida, na biyu ra'ayi. Duk mai karanta irin waɗannan littattafai sai ya riƙa rarrabe su kamar yadda a ke rarrabe tsaba da tsakuwa.

Mu gwada da Afirka ta Yamma

Littattafan nan uku ba su ba yankinmu wuri mai yawa ba, alhali kuwa nan ma an hore tsire-tsire, ba aro muka yi ba. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an sami ƙaiƙayin geron gida cuɗe da yumɓun tukwane, shekarunsa sun kai 4,500. Dawa, acca, doya, wake da wata irin shinkafa duk a Afirka aka mai da su na gida. Rogo kuwa baƙo ne, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Amurka ta Kudu.

Maganar Scott ta sami goyon baya a ƙasar Hausa, inda masarautu suka tsaya bisa gero da dawa, wakilan sarki kuma su kan karɓi zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma. Tibi da yawancin Ibo kuwa, masu doya, sun daɗe suna tafiyad da al'amuransu ta taron dattawa da na dangi, sarautar Tor Tiv ma sai cikin shekarun 1940 aka kafa ta. Amma ga Bini, ƙasar doya ce, ta kuwa yi Oba mai ƙarfi shekaru aru aru. Watakila dalili shi ne doya ba kamar rogo ta ke ba, tana da lokacin haƙa, ana kuma jera ta a rumfa inda kowa zai ƙirga. Ga kuma Jenne-jeno a yankin ruwan Kwara cikin Mali, wadda Roderick da Susan McIntosh suka fara tonowa a 1977. An zauna a wurin tun wajen shekara ta 250 kafin haihuwar Almasihu, garin ya girma har ya kai eka 80, ana noman shinkafa da gero, ana ƙira, ana ciniki da nesa, amma ba a tarar da fada ba. Wannan ya yi daidai da maganar littafi na uku.

Abin da za mu kai aji

Ni dai abin da na fahimta shi ne, ba ɗaya daga cikin malaman nan da ya kama gaskiya duka, amma su ukun sun taru a kan cewa tsanin nan ba shi da ƙafa. Zama ƙarƙashin sarki hanya ce, zama ƙarƙashin shawarar dattawa ita ma hanya ce, kowace da amfaninta da wahalarta, ba wadda ta ke ƙuruciyar ɗaya. Wannan za mu iya faɗa wa yara ba tare da tsoro ba, don shaida tana bayansa.

Abu na biyu, yaranmu suna girmama abin da aka buga, har su kan ɗauka duk maganar da ta shiga littafi ta gama zama gaskiya. Maganin wannan shi ne su ga manyan malamai uku sun dubi ƙashi ɗaya da ƙwayar hatsi ɗaya, kowa ya faɗi nasa. Mu koya musu tambayoyi uku, su riƙa yi wa kowane littafi, har da namu na aji. Me mawallafin ya ce? Me ya gani da ya sa ya faɗi haka? Akwai wurin da na sani inda maganar ba ta yi daidai ba?

Ga aikin da na ke ba da shawara a gwada da 'yan manyan aji lokacin koyon koyarwa.

1. A shimfiɗa igiyar nan ta ƙafa 100, yara su auna wurin noma da wurin rubutu da kansu.

2. A kawo damin gero, da saiwar rogo, da doya, da kwanon wake. A naɗa yaro ɗaya mai karɓar haraji, sauran su zama manoma masu son ɓoyewa. Wanne ya fi wuyar ɓoyewa, don me?

3. Kowane yaro ya tambayi tsoho a gidansu, wa ya ke raba gardamar gona a garinsu kafin zuwan Turawa, kuma wa ya ke iya tsawata wa shi mai rabawar? A rubuta amsoshin a allo gefe da gefe, kada a jera su sama da ƙasa.

Wanda ya gwada, ina roƙo ya aiko wa Edita abin da yaransa suka samo, don mu ƙaru da juna a fitowa ta gaba.